Yadda za ka zauna lafiya da wutar lantarki da batura a ƙasar da ba taka ba

Injin aski ne ya fara koya mini darasi. A Amurka aka saya mini shi, na zo da shi Ingila, na ga ƙafafun fuloginsa ba sa shiga soket, sai na nemo 'yar adafta na jona. Ya yi wani gurnani da ban taɓa jin ya yi ba, ya ɗau zafi a hannuna, kafin in kai ga zare shi ɗakin ya gauraye da warin ƙonannen roba. Laifina ɗaya ne: ban juya shi na karanta ɗan rubutun da ke jikinsa ba. Injin na wutar bolt 120 ne, ni kuwa na ɗura masa 230.

Wanda ya je baƙon wuri yakan kula da takardunsa, da harshen mutanen, da sanyin garin, amma ba kasafai yake tunanin wutar da ke cikin bango ba. Ga ta kuwa ba ta ɗaukewa. Inda ake yawan ɗauke wuta, wayar da ta yi zafi takan samu ta huce ba tare da kowa ya sani ba. Inda wuta ke nan dare da rana, wata da watanni, ƙaramar matsala sai ta yi ta cin wuri har ta zama gobara. Sannan gidaje da yawa a ƙasashen sanyi katako ne da allon bango da kafet, tagogi a rufe, maƙwabta a sama da ƙasa. Ga abin da nake ganin ya kamata mutum ya yi, tun daga ranar da aka miƙa masa makulli.

Kafin ka jona komai, san irin wutar ƙasar

Abu biyu za ka tambaya: ƙarfin wutar, wato bolt, da kuma saurin bugawarta, wanda ake rubutawa da Hz. Turai duka, har da Ingila, 230 ne a kan 50 Hz. Haka Indiya da Ostareliya da Daular Larabawa. Sin 220 ce. Amurka da Kanada 120 ne a kan 60 Hz. Japan kuwa 100 ce kacal, kuma ƙasar a rabe take: Tokyo da gabashi 50 Hz, Osaka da yammaci 60 Hz. Saudiyya ta koma 230 a kan 60 Hz, amma har yanzu akwai tsofaffin gidaje masu soket na 127, wani lokacin ma duka biyun a gida ɗaya. Brazil ma haka, wani gari 127, wani 220. Kada siffar soket ta ruɗe ka: a Filifin soket irin na Amurka ne, wutar cikinsa kuwa 220 ce.

Sai ka bi kayanka ɗaya bayan ɗaya. A jikin kowace caja, ko a ƙarƙashin kowace na'ura, akwai layin da ya fara da kalmar INPUT. In ka ga 100-240V, 50/60Hz, kayan nan zai ci wutar kowace ƙasa, adafta kawai yake nema. Yawancin cajojin waya da kwamfuta da kyamara haka suke. In kuwa ka ga 120V shi kaɗai, ko 220-240V shi kaɗai, dakata.

Dalilin dakatawar shi ne lissafin ba ninki biyu ba ne. Abin da ke ɗumama, kamar dutsen guga ko na'urar busar da gashi, in ka ninka masa bolt sau biyu, zafin da zai fitar ya ninka kusan sau huɗu. Shi ya sa na Amurka ke ƙonewa nan take a Turai. Akasin haka bai cika haɗari ba, sai dai takaici: butar lantarki ta Ingila a soket ɗin Amurka za ta ba da kusan rubu'in zafinta, ka yi ta jira ruwa ya ƙi tafasa. Amma mai mota a ciki, wato injin da ke juyawa, irin su firij, in wuta ta yi masa kaɗan yakan yi ta yunƙurin tashi har ya ƙone.

Nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Adafta siffar ƙafa kawai take canzawa, ba ruwanta da ƙarfin wuta. Taransifoma ce ke rage bolt ko ta ƙara. In za ka saye ta, duba wat ɗin kayan da za ka jona, wato yawan wutar da yake ci, ka ɗauki wadda ta fi shi sosai. In mai mota ne, ninki biyu ko fiye, domin lokacin tashi yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta. Taransifoma ta gaske nauyi gare ta. 'Yan ƙananan nan marasa nauyi da ake sayar wa matafiya, masu da'awar ɗaukar wat dubu da ɗoriya, an yi su ne don kayan ɗumama zalla, kuma suna kashe kayan laturoni. Sannan babu taransifomar da ke canza Hz. Agogon lantarki da aka yi don 60 Hz, in yana ƙirga lokaci da bugun wuta, zai riƙa yin latti da minti 10 a kowace awa a ƙasar 50 Hz. Ra'ayina dai: duk abin da ke ɗumama ko yake juyawa da ƙarfi, bar shi inda ka saye shi, ka sayi na ƙasar da kake. Dakon dutsen guga daga wata nahiya zuwa wata wahala ce kawai.

Ranar farko a gidan: nemo inda ake kashe wuta

Tun kafin ka buɗe akwatunanka, ka ce wa mai gidan ko wakilinsa ya nuna maka akwatin birekoki, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu in an samu matsala. Wani yana bayan ƙofar shiga, wani a ƙarƙashin bene, wani a ɗakin ƙasa. Buɗe shi, ka gane babban makunnin da ke kashe gidan gaba ɗaya, ka nuna wa duk babban da ke zaune tare da kai. In ba a rubuta abin da kowace bireka ke riƙe da shi ba, ku yi aikin ku biyu: ɗaya na kashewa, ɗaya na zagayawa yana faɗin abin da ya mutu, ku rubuta ku manna. Aikin rabin awa ne. Ka ajiye tocila kusa da wurin, kuma kada a jibge kaya a gabansa.

A cikin akwatin, nemi wadda ke da ɗan maɓalli mai harafin T ko kalmar TEST. Wannan ita ce mai ceton rai. Bireka ta yau da kullum wayoyin gida take karewa daga yin zafi. Ba ta faɗuwa sai wutar da ke bi ta waya, wadda ake aunawa da amfiya, ta wuce amfiya 16 ko 20 ko 32, alhali abin da zai tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Ita kuwa mai maɓallin, wadda ake kira RCD a Ingila da ƙasashe da dama, tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da ta ga an samu giɓi, alamar wuta na zurarewa ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Ta Turai tana faɗuwa a giɓin miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ce amfiya guda). A Amurka da Kanada sunanta GFCI, ta fi zama a jikin soket ɗin kicin da banɗaki, mai maɓalli biyu a tsakiya, kuma tana yankewa a kusan miliamfiya 5. Danna maɓallin. In wuta ta ɗauke, lafiya. Mayar da ita. In ba ta ɗauke ba, sanar da mai gida a rubuce a ranar. Ka riƙa maimaita gwajin, na soket wata-wata, na akwati aƙalla duk wata shida.

Daga nan zagaya soket ɗin gidan. Wanda ya tsage, wanda bakinsa ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, wanda fulogi ke rawa a cikinsa, wanda ke ƙara kamar ana soya abu, wanda ke wari kamar ƙarnin kifi, duk ka ɗauki hotonsu ka daina amfani da su. Warin kifin nan roba ce ke narkewa a ciki. A Ingila doka ta wajabta wa mai ba da haya ya sa a duba wayoyin gidan aƙalla duk shekara 5, ya kuma ba ɗan haya kwafin rahoton, wanda ake kira EICR. Nemi naka, haƙƙinka ne, ba alfarma ba.

Ɗaga kai ka dubi silin. Akwai na'urar jin hayaƙi? Danna ta ka ji ta yi kuwwa. A bayanta akwai shekarar da aka ƙera ta, in ta wuce shekara 10 a sauya. In ta fara 'yar ƙara "cit" jefi-jefi cikin dare, batirinta ne ya yi sanyi. Sa mata sabo. Na san yadda ake yi: girki ya yi hayaƙi ta dami mutane, sai a cire batirin ko a ɗaure ta da leda, a ce gobe za a mayar. Goben nan ba ta zuwa.

A ƙarshe, sa lambar gaggawa a wayarka, ka koya wa yara: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 000 a Ostareliya, 119 a Japan don gobara da motar asibiti. A Saudiyya 'yan kwana-kwana 998 ne, motar asibiti 997. A Daular Larabawa kuma an juya su, gobara 997, motar asibiti 998. Ka haddace adireshinka da harshen ƙasar, har da hawa na nawa kake, domin cikin ruɗewa mutum yakan manta sunan titinsa.

Fulogi da adafta

Fulogin Ingila mai ƙafa uku, wanda ake amfani da shi a Saudiyya da Daular Larabawa da Malesiya ma, akwai fis a cikinsa, wato siririyar wayar da ke ƙonewa ta yanke wuta in nauyi ya yi yawa. Mai amfiya 3 na ƙananan kaya ne, har zuwa wat 700; mai 13 na manya. In fis ya ƙone, sa irinsa. Kada ka naɗe shi da takardar azurfa ko ka cusa guntun waya, domin wannan ɗan fis ɗin shi kaɗai ne ke tsakanin igiyar na'urarka da amfiya 32 da ke zagaya bangon. Haka nan dabarar cusa makulli ko murfin biro a ramin sama don a tura fulogi mai ƙafa biyu: ƙafafun ba sa zama daidai, babu fis, kuma soket ɗin yana lalacewa.

Ƙafa ta uku ita ce hanyar ƙasa, wadda ke kwashe wuta ta kai ta cikin ƙasa in ta taɓa jikin ƙarfen na'ura. A fulogin Jamus ba ƙafa ba ce, 'yan ƙarafa ne a gefe. A Faransa tsinken yana jikin soket ɗin ne. Adafta mai arha takan bar wannan hanyar a yanke, kaya ya yi aiki lafiya lau har ranar da waya za ta goge a ciki, kai ka zama hanyar ƙasar. Duk na'urar da ta zo da ƙafa uku tana buƙatar adafta mai isar da ukun. Wadda ke da alamar murabba'i a cikin murabba'i ce kawai ba ta buƙata. Kuma adaftar tafiya ta 'yan kwanaki ce. In zama ya kama ka, canza igiyar ko fulogin gaba ɗaya. Ka sayi mai ɗauke da tambarin gwajin ƙasar, UL ko ETL a Amurka, PSE a Japan, CCC a Sin, CE ko UKCA a Turai da Birtaniya, daga shagon da za ka iya komawa, don tambarin ma ana buga na jabu. Caja mai nauyin iska, mai kuskuren rubutu a jiki, araha ce da ba ta ado.

Lissafin da ya kamata kowa ya iya

Bolt sau amfiya shi ne wat. Ekstenshan ɗin Ingila amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000 gaba ɗaya, ko da bakinsa shida ne. Butar lantarki ɗaya takan cinye wannan duka. Layin amfiya 15 na Amurka wat 1,800 ne, kuma hita guda tana jan 1,500. Ka ga saura kaɗan. Don haka ƙa'idar mai sauƙi ce: hita, dutsen guga, buta, tanda, injin wanki, firij, na'urar sanyaya ɗaki, kowanne ya shiga soket ɗin bango kai tsaye, shi kaɗai. Ekstenshan na talabijin ne da caja da fitila. Kada a jona wani a jikin wani, kada a bi da igiyarsa ƙarƙashin kafet ko ƙofa, kuma in mai naɗi ne a warware shi duka kafin a ɗora masa nauyi, don a naɗe zafi yake tarawa. Sa hannu ka taɓa fulogi bayan ya yi minti goma sha biyar yana aiki. Ɗumi kaɗan ba laifi. In ba ka iya riƙe shi ba, zare.

Maganar hita sai na ɗan tsaya a kanta, domin wanda ya taso cikin zafi sanyin hunturu na gigita shi. Ranar 9 ga Janairun 2022, hitar lantarki ta kama wuta a wani dogon gini mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin New York. Mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, yawancinsu 'yan asalin Gambiya. Ba harshen wuta ne ya kai gare su ba, hayaƙi ne, saboda ƙofar gidan da wutar ta tashi ba ta rufe ba bayan mutanen ciki sun fita, hayaƙin ya cika matakala. Allah Ya jiƙansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka. Hita ta tsaya a ƙasa, a daɓe mai tauri, tazarar mita guda tsakaninta da labule da katifa da tufafi. Ba a shanya kaya a kanta. Ba a barci a bar ta, ba a fita a bar ta. Sayi mai kashe kanta in ta faɗi. In ɗumin gidan bai isa ba, wannan matsalar mai gida ce, ka kai ƙara. Kada ka kunna tanda ko murhun gas don ɗumama ɗaki. Ƙofar da aka sa wa abin da ke jawo ta ta rufe da kanta kuma, kada ka tokare ta, kada ka cire abin.

Manyan kaya ma ba a sakankance da su. Gobarar Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta ci rai 72, daga firij ta faro a wani gida na hawa na huɗu. In ka sayi sabon kaya, yi masa rajista da kamfanin don su same ka in an gano aibu. In na hannu ne, sa lambar samfurinsa a intanet ka ga ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Injin busar da tufafi kuma a riƙa kwashe audugar da ke taruwa a matacinsa bayan kowane aiki.

In bireka ta faɗi

Kada ka yi ta mayar da ita da ƙarfi. Duba wacce ce ta faɗi, zare duk abin da ke kan layinta, sannan ka ɗaga ta. In ta zauna, mayar da kayan ɗaya-ɗaya. Wanda ya sake kayar da ita shi ne mai laifi, ko kuma nauyi ne ya yi yawa. In ta ƙi zama alhali babu komai a jone, matsalar na cikin bango, aikin mai gyaran wuta ne. A Italiya gidaje da yawa kilowat 3 kacal suke da yarjejeniyar ja, don haka tanda da injin wanki a lokaci ɗaya sun isa su sa mita ta yanke. Wannan ba lalacewa ba ce, sai dai ka jera ayyukanka.

Gyara da kanka kuwa, ka yi hattara da launin waya. A Turai ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce ta dawowa, kore da rawaya ta ƙasa. A tsofaffin gidajen Ingila ja ce mai wuta, baƙa ta dawowa. A Amurka baƙar ita ce mai wutar, fara ta dawowa. Wanda ya saba da ɗaya ya kama baƙar waya a ɗaya ƙasar da gaba gaɗi, ya gamu da gamonsa. A Jamus sau da yawa za ka shiga gidan haya ka tarar babu fitila, sai wayoyi na reto daga silin, murhun girki kuma yakan hau layin bolt 400. A Ostareliya ma laifi ne wanda ba shi da lasisi ya taɓa wayoyin gida. Ko inda doka ta yi shiru, inshora na iya ƙin biya in aka gano hannunka a ciki. Kada garin neman gira a rasa ido.

Banɗaki kuma ba wurin caji ba ne. Kada a ja ekstenshan a shiga da shi, kada a riƙe wayar da ke jone ana cikin bahon wanka. An rasa rayuka ta wannan hanyar.

Batirin litiyam

Shi ne a wayarka da kwamfutarka da fawa bank da keken lantarki. Wuta mai yawa ce aka matse a ɗan wuri, tsakanin ɓangarorinta biyu kuma wata 'yar fata ce da ba ta kai kaurin gashi ba. In ta huje, saboda faɗuwa ko zafi ko cajin da ya wuce kima, ɗan batir ɗaya zai ɗau zafi ya kunna na kusa da shi, shi ma ya kunna na gaba, cikin daƙiƙoƙi. Yana feso wuta da hayaƙi mai guba, kuma yakan sake tashi bayan an zaci ya mutu. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya saboda haka.

Yi caji a kan abu mai tauri, tebur ko daɓe, ba kan gado ko kujera ko ƙarƙashin matashi ba. Yi shi kana farke, kana gida, in ya cika ka zare. Batirin da ya kwana cikin sanyi ƙasa da sifili, bar shi ya ɗumama a ɗaki kafin ka jona, domin caji cikin irin wannan sanyi na lalata shi daga ciki ba tare da an gani ba. Kada a bar shi a mota cikin rana. In za ka ajiye shi na dogon lokaci, bar shi a rabin caji. Ƙananan batura tsirara kuma ba a zuba su aljihu ɗaya da makulli ko kwabbai.

Keken lantarki shi ne babba, kuma da shi baƙi da yawa ke neman abinci wajen kai saƙo. Batirinsa ya ninka na waya sau da dama. Yi amfani da cajar da ta zo da shi kawai. Batirin bolt 36 cajarsa 42 take fitarwa, na 48 kuma 54.6, amma bakinsu kan zo ɗaya, sai mutum ya ari ta abokinsa ta shiga daidai, ya ɗura wa batirin abin da ya fi ƙarfinsa. Guji batirin da aka buɗe aka yi wa kwaskwarima, da wanda ba a san asalinsa ba. Birnin New York tun 2023 ya hana sayar da keken da batirin da ba su ci gwajin UL ba. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne wurin cajin. Yawanci a zaure ake jingina keke, bayan ƙofar shiga, don nan ne ya fi sauƙi. Nan ne kuma hanyar fitarku ɗaya tilo. Nemi ɗakin da ke da ƙofar rufewa da na'urar jin hayaƙi, ko rumfa a waje, yadda in ya tashi ba zai shiga tsakaninku da titi ba.

Alamomin batirin da ya kusa tashi ba ɓoyayyu ba ne: kumburi, har allon waya ya ɗago ko kwamfuta ta ƙi zama daidai a tebur, zafi ko ba a caji, wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ƙara kamar hucin maciji. In ka ga kumburi, kashe na'urar, kada ka danna, kada ka huda, ajiye ta kan siminti nesa da abin da zai kama, ka kai wurin karɓar irinsu. In waya ce ta fara hayaƙi kuma ba a jone take ba, ruwa mai yawa na sanyaya ta. In keke ne, kada ka tsaya jarumta, kada ka ce za ka ja shi waje: fitar da kowa, ja ƙofa, kira 'yan kwana-kwana daga waje, ka gaya musu batirin litiyam ne.

A jirgin sama, fawa bank da batirin da ba a cikin na'ura yake ba jakar hannu suke shiga, ba akwatin da za a auna ba. Iyakar da aka saba ita ce Wh 100, Wh kuwa ma'aunin yawan wutar da batir ke adanawa ne. Daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin. Lissafin: adadin mAh da aka rubuta a jikin fawa bank sau 3.7, a raba da dubu. Mai 20,000 ya kama Wh 74, ya wuce lafiya. Wasu kamfanonin sun hana amfani da shi a cikin jirgi, don haka duba ƙa'idarsu kafin ranar tafiya.

Mataccen batir ba ya shiga kwandon shara. Alamar kwando mai giciye a jikinsa abin da take nufi ke nan. A motar shara matse shi ake yi, ya kama wuta. Manne bakinsa da salatif, ka jefa a akwatin karɓar batura da ke manyan kantuna ko wurin tattara shara na gari.

Masu ƙananan yara, ku kula da batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin rimot da makullin mota da kayan wasa. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin, ko da batirin ya yi sanyi. Ko zato kawai kuka yi, ku nufi asibiti nan take, kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama.

Batirin mota da na inbata mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka wuri mai iska yake so, nesa da taba da tartsatsi. Janareta kuwa, in guguwa ko ƙanƙara ta yanke wuta, a waje ake kunna shi, mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ko baranda ba, saboda a cikin hayaƙinsa akwai iska mai kisa wadda ba ta da wari. Kuma ba a jona shi a soket ɗin bango don ya ba gida wuta. Hakan na mayar da wuta kan layin titi, inda ma'aikaci ke riƙe da waya yana zaton a mace take.

In wuta ta ja mutum

Kada ka taɓa shi, komai kusancinku, don kai ma za ta haɗa da kai. Kashe makunni ko babbar bireka, wadda ka riga ka san inda take. In ba hali, tsaya a busasshen wuri ka ture wayar ko hannunsa da busasshen katako ko sandar roba. Kira lambar gaggawa ka sa wayar a amsa-kuwwa. In ba ya motsi kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ɗora tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan a kai, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Tura wani ya nemo na'urar farfaɗo da zuciya, mai alamar zuciya da walƙiya, da ake ratayewa a tashoshi da kantuna. Da ka buɗe ta ita za ta riƙa gaya maka abin yi. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, in ya suma, ko ya ƙone, ko ƙirjinsa na ciwo, ko mai juna biyu ce, a kai asibiti a duba bugun zuciyar.

In kuma na'ura ce ta kama wuta tana jone, yanke wutar tukuna, kada a watsa ruwa kafin nan. In harshen ya fi ƙarfin tulun kashe gobara ɗaya, ko hayaƙi ya fara sauka daga silin, ku fita a duƙe, ku ja kowace ƙofa a bayanku, ku bi matakala, ban da lif.